Yara Dubu Ɗaya da Ɗari Biyu da Tamanin

Daga Auta zuwa ga Yaya
Litinin, 3 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kuma aikin da ya tsare ka a tashar bincike yana tafiya yadda kake so. Inna tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, sai dai har yanzu tana ɓoye ƙwayar hawan jini a ƙarƙashin matashi, ta ce ta sha.

Na gama haɗa jerin maƙalunka da za a kai wa kwamitin ƙarin girma. Ga yadda ya tsaya. Maƙala sittin da biyu a shekara goma sha tara, duk a kan yaɗuwar cututtuka. Na bi kowacce har mujallar da ta buga ta, na gyara lambobin shafi uku da ka rubuta ba daidai ba. Ambato kuwa, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinka a nasu rubutun, ya kai ɗari tara da uku, bayan na zare wuraren da kai ka ambaci kanka. Ɗari biyar kwamiti yake nema ga mai son kujerar farfesa. Ka haye da rata.

Abin da ya rage shi ne in buga hatimin laburare in sa hannu. Ban buga ba tukuna, kuma dalilin wannan wasiƙa ke nan. Na ba direban sashenku ita a ambulan maimakon in turo ta imel ɗin ofis, domin ban san ido nawa ke bi ta can ba.

Ka san shekara takwas da na yi a gidan jarida sun bar mini wata cuta: ba na iya wuce lamba ban tambaye ta daga ina take ba. Maƙalunka huɗu a kan gudawar yara a unguwar da ke bayan ƙaramin asibiti su ne ginshiƙin jerin. Su kaɗai sun kawo ambato ɗari biyar da talatin da biyu. Babbar cikinsu, wadda ta nuna ƙwayar tsaftace ruwa ta rage gudawa da fiye da rabi, tana da ɗari huɗu da goma sha bakwai. Ranar Alhamis na jera su a tebur na karanta ɗaya bayan ɗaya, abin da ban zaci wani ya taɓa yi ba, tunda a mujallu huɗu daban suka fito. Kowacce ta ce an ƙidaya dukan yaran unguwar da ba su kai shekara biyar ba. Ƙidaya ta farko, yara dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin. Bayan shekara biyu, dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin. Ta uku haka. Ta huɗu, shekara shida bayan ta farko, haka.

Yaya, a shekara shida an haifi yara, wasu sun wuce biyar, wasu iyayensu sun tashi, wasu Allah ya karɓi abinsa. Unguwar nan har filin ƙwallonta gidaje ya koma a tsakanin shekarun. Ta yaya adadin bai motsa da ko yaro ɗaya ba?

Mai yiwuwa akwai bayani mai sauƙi da ku masana kuka sani, ni ban sani ba. Idan haka ne, layi biyu ya ishe ni, in buga hatimi a ranar.

Ka huta lafiya. Allah ya dawo da kai cikin aminci.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta
Alhamis, 6 ga wata

Auta 'yar jarida,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sai rana da sauro. Wasiƙarki ta iso an manne ta da salatif sau uku kamar takardar jarrabawa. Direba ya miƙo mini yana satar kallona, ina jin ya zaci sammaci ne.

Na gode da wahalar da kika sha. Ki gaya wa Inna idan na dawo ni da kaina zan ɗaga matashin nan.

Sai batun lambar da ta tsaya miki a wuya. A aikinmu, kafin a fita ana lissafa yawan mutanen da binciken yake buƙata, sai a tsaya a kan wannan adadin kowane zagaye domin a iya kwatanta bana da bara. Darasin ajin farko ne, ɗalibaina ma sun haddace shi. Kowace maƙala a cikin huɗun nan masana uku suka tace ta kafin a buga. Goma sha biyu ke nan, ban da editoci, ban da mutum ɗari huɗu da wani abu da suka jingina da ita. Duk ba su ga komai ba sai Autar Inna, wadda ni na koya wa ɗaure igiyar takalmi?

Kuma ki tuna iyakar aikin hatiminki. Ba ya cewa bincike daidai ne. Cewa yake an buga maƙalar, kuma ambaton da aka rubuta gaskiya ne. Wannan kuwa ke da bakinki kin tabbatar.

Kwamiti yana rufe karɓar takardu ranar ashirin da takwas. Idan wannan zama ya wuce ni, sai bayan shekara uku. Dogo, wanda muka shigo sashen rana ɗaya da shi, ya miƙa nasa tun makon jiya, an ce yanzu yawo yake a baranda yana tambayar kowa lafiyata. Kin san irin wannan tambaya.

Inna ta riga ta sanar da duk wanda ya zo duba ƙafarta cewa ɗanta zai zama farfesa. Ranar nan a waya tana tambayata wai ko farfesa yana iya yin allura, ko shi ya wuce nan.

Ki buga hatimi ki ba sakatarena. Idan na dawo zan zaunar da ke in yi miki darasin kyauta, har da allo.

Ki gaida maigidan naki da yaran.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Sista
Asabar, 8 ga wata

Mama Sista,

Sallama da gaisuwar girmamawa. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da jikoki, kuma ritaya tana yi miki daɗi.

Ƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ce ƙanwar Dakta, wadda kika taɓa ɗinke wa goshi a ƙaramin asibiti lokacin da na faɗo daga kan keke, kika ce idan na yi kuka za ki ɗinke har da bakin. Tabon yana nan. Yanzu a laburaren jami'a nake aiki, ni nake tantance rubuce-rubucen malamai kafin a ƙara musu girma.

Na ga sunanki a sashen godiya na maƙalun Dakta guda huɗu, an ce ke kika jagoranci masu bin gida-gida lokacin ƙidayar yara masu gudawa. Tambayata ɗaya ce. Sau huɗu aka fita, kuma kowane zagaye yara dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin aka samu, ba ƙari ba ragi. Na tambayi Dakta, ya ce adadi ne da aka tsayar tun farko. Amma maƙalun cewa suka yi an ƙidaya dukan yaran unguwar. Wanda ya tsayar da adadi bai ƙidaya duka ba, wanda ya ƙidaya duka kuma ba shi yake zaɓar adadi ba. Maganganun biyu ba sa zama a tabarma ɗaya.

Ke kika taka ƙasar da ƙafarki. Yaya kuke yin aikin, daga fita har dawowa?

Gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: Dakta bai san na rubuto miki ba, kuma babu wanda ya aiko ni. Idan kin ga bai dace ki amsa ba, ba zan ƙullace ki ba.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Auta

Daga Sista zuwa ga Auta
Talata, 11 ga wata

'Yata,

Na amsa sallamarki, na kuma gode da gaisuwa. Lafiya sai godiya, ban da gwiwa da ta zama mai sanar da ni hadari kafin rediyo. Idan kin ga layina ya karkace, laifin tabarau ne.

Na tuna ki sarai. Ba ki yi kukan ba, amma kin cije ni.

Kin ce babu wanda ya aiko ki. To. Shekara shida da na ajiye aiki, ko kalanda ba a taɓa aiko mini daga jami'arku ba, sai yau ga wasiƙa da tambayar lissafi. Kwana biyu takardarki tana kan firji ina kewaya ta. Ruwa ba ya tsami banza. Amma tunda yadda muke aiki kika tambaya, wannan ba sirri ba ne, mu shida muka yi shi da rana tsaka.

Littafi biyu ake ba mu daga sito, masu koren bango. Kowanne shafi arba'in, kowane shafi layi goma sha shida. Ke mai boko, ninka ki gani. Mukan haɗu a ƙofar asibiti da ƙarfe bakwai. Ni in ɗauki littafi ɗaya da mutum biyu mu yi dama, abokiyar aikina Mai Lema, Allah ya jiƙanta, ta ɗauki ɗayan su yi hagu. Gida-gida, yaro ɗaya layi ɗaya: shekarunsa, inda ake ɗebo ruwa, ko ya yi gudawa a mako biyun da suka wuce. Ranar da layin ƙarshe ya cika, aiki ya ƙare. Mu mayar da littattafai, kowa ta je ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

Zagayen farko unguwa ba ta cika ba. Mun tsallaka layin dogo, mun yi lungu biyar ko shida a ƙetare kafin littafi ya ƙare. Can ciwon yake, 'yata. Rijiyoyinsu a buɗe, ga bola, ga kwata tana bi ta bakin ƙofa. Akwai gidan da na rubuta yara huɗu, uku suna kwance. Zagaye na biyu an yi sababbin gidaje kusa da asibiti, sai littafi ya cika a daidai bakin dogo. Na uku a gidan burodi muka tsaya. Na huɗu ko gidan burodin ba mu kai ba, ƙamshinsa dai nake ji daga inda na rufe littafi.

Ƙwayar ruwan kuma a tagar asibiti ake raba ta. Wa zai zo karɓa? Na kusa mana. Matar da ke ƙetaren dogo da goyo da wani a hannu ba za ta yi wannan tafiya don ƙwaya ba.

Ni ban iya lissafinku ba. Ina wanke-wanke na ji a rediyo wai gudawa ta ragu da rabi a unguwarmu, na ce to, Allah ya sa. A watan na je gaisuwar rasuwa biyu a ƙetaren dogo, duka yara. A da an auna musu hanyar famfo, har an zube bututu a bakin titi, yara suna wasan ɓuya a ciki. Daga baya aka ce bincike ya nuna ƙwaya ta wadatar. Mota ta zo ta kwashe bututun.

Ko Dakta ya san inda muke tsayawa? Wannan shi za ki tambaya, yayanki ne. Ni ban ce komai ba. Jikata tana aji biyu a makarantarku, kuma a ƙarƙashinsa za ta bi. Idan kin karanta, ki yaga.

Ki gaida Innarku, ki ce mata ta sha maganinta, na san halinta.

Mamanki,
Sista

Daga Auta zuwa ga Yaya
Lahadi, 16 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Kowa a gida lafiya.

Na karɓi darasinka, na gode. Sai dai na koma na sake duba maƙalun, ban ga inda aka ce an tsayar da adadi ba. Shafi na biyu na babbar cikinsu cewa ya yi: “An ziyarci kowane gida a unguwar, an rubuta kowane yaro da bai kai shekara biyar ba.” Sauran ukun sun maimaita wannan jimla kusan kalma da kalma.

Ranar Alhamis na je siton sashenku. Mai sito ya nuna mini ragowar littattafan ƙidaya masu koren bango, suna nan a kan kanta ta sama, ƙura ta rufe su. Na ƙirga: shafi arba'in, layi goma sha shida. Ɗari shida da arba'in. Littafi biyu, dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin. Ashe ba yawan yaran unguwa ba ne, yawan layukan littafi ne.

Jiya kuma na sa takalmin tafiya na je unguwar da agogo a hannu. Daga ƙofar asibiti zuwa gidan burodi, minti goma sha ɗaya. Zuwa layin dogo, goma sha takwas. Daga dogo zuwa gidan ƙarshe, inda makanikai suke, minti ashirin da biyar. Wato abin da ke ƙetare ya fi abin da ke nan. Na ga rijiyoyi bakwai, biyu kawai ke da murfi. Wata mata tana wanke kwano a bakin ta uku, ta tambaye ni ko ni ce ta famfo.

Ga abin da na fahimta, ka gyara mini idan na kuskure. Masu ƙidaya daga ƙofar asibiti suke farawa, su tsaya inda littafi ya cika. Unguwa tana ƙara cika, don haka kowane zagaye sai su tsaya kusa fiye da na baya. A na farko sun shiga inda ciwon ya fi yawa. A sauran ba su shiga ba. Idan haka ne, gudawa za ta ragu a takarda ko da ba a raba ƙwaya ko ɗaya ba.

Ka ce hatimina bai shafi sahihancin bincike ba. Haka yake a da. Fom ɗin yanzu yana da layi a saman wurin sa hannu: “Ban san wani dalili da zai sa a yi shakkar ɗaya daga cikin waɗannan maƙalu ba.” Da ban jera su a tebur ba, da na sa hannu da zuciya ɗaya. Yanzu na sani.

Kuskure irin wannan yana iya faruwa ga kowa, kuma mai kuskure gyarawa yake. Abin da nake so in ji daga bakinka shi ne: lokacin da kake rubuta “kowane gida”, ka san inda suke tsayawa, ko ba ka sani ba?

Na bar ka lafiya.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta
Talata, 18 ga wata

Malama ma'aikaciyar laburare,

Bayan gaisuwa. Na ga saƙonki.

Kin yi aiki, har da agogo. Amma mai sito bai san inda ake farawa da inda ake tsayawa ba, bai taɓa fita ba. Wadda ta sani ɗaya ce ta rage da rai. Kin je wurin Sista a bayan idona, sannan kika rubuto mini kamar a sito kika tsinci labarin. Dabarar gidan jarida ke nan, na gane ta.

Ni ma ina da tambaya. An ce mini sau biyu aka ga Dogo a ofishinki cikin makon nan, har da rufe ƙofa. Shekara goma sha tara ina wallafa, babu wanda ya taɓa jera maƙaluna huɗu a tebur, sai ana saura mako uku kwamiti ya zauna. Wa ya nuna miki waɗanda za ki jera? Idan amfani ake yi da ke, gara ki sani tun yanzu, domin ranar da ya hau kujerar ba zai tuna sunanki ba.

Amsar tambayarki kuwa: ni a ofis nake. Littattafai ake kawo mini a cike, in shigar da alƙaluma. Umarnin da na bayar shi ne a bi kowane gida. Idan masu ƙidaya sun ga layi ya ƙare suka koma gida suka jiƙa ƙafa ba tare da sun sanar da ni ba, wannan sakacinsu ne. Ban zarge su ba, aikin rana ne, kuma mata ne masu shekaru. Kada kuma ki manta ƙwayar tana aiki. An gwada ta a wurare da dama, ba a unguwa ɗaya ba.

Ga abin da za a yi. Ki buga hatimi a kan jerin yadda yake. Bayan kwamiti ya zauna, zan aika wa mujallar gyara, in bayyana cewa an gano ma'aikatan ƙidaya ba su kammala zagaye ba. Sista za ta sa hannu a kan 'yar takarda mai layi uku. Ta yi ritaya, babu abin da zai taɓa ta. Kowa ya tsira da mutuncinsa, ke ma kin samu gaskiyar da kike nema.

Ni na riƙe hannunki na kai ki makaranta ranar farko, Baba yana kwance. Ban faɗa don gori ba. Na faɗa ne don ki tuna hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ina jiran jerin kafin ashirin da biyar.

Yayanki

Daga Sista zuwa ga Auta
Alhamis, 20 ga wata

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau ba ni da dogon zance.

Jiya da hantsi sakataren Dakta ya yi sallama, da kwalin madara da sabulu, wai Dakta ya tuna da ni. Na ce ikon Allah, bana kalandar ta zo da nauyi. Ya sha ruwa, ya yabi jikokina, ya tambayi wadda take makarantarku, har ya san ajinta. Sannan ya zaro takarda an buga da na'ura. Wai ni, wance, na tabbatar mun riƙa dakatar da ƙidaya ba da sanin shugaban bincike ba. Ya miƙo biro.

Na ce masa tabarau ya fashe, ya dawo wani makon. Tabarau yana kan hancina.

Na ce miki ban ce komai ba, kuma da niyyar in mutu ban ce ba. Shekara talatin da ɗaya na yi aiki, ba a taɓa rubuta sakaci a fayil ɗina ba. Mai Lema tana kabari, ba ta da bakin kare kanta. Yanzu a buga a mujalla duniya ta karanta cewa mu muka yi ha'inci?

Matiron da ta horar da mu ta ce duk takardar da babba ya sa wa hannu, kada ki yar, ko ta neman tsintsiya ce. A gwangwanin biskit nake tara nawa. Ga guda na sa miki a ciki, ta zagaye na uku ce. Rubutun sama nawa ne: “Dakta, littafi ya cika a gidan burodi. Ba mu kai dogo ba, balle ƙetare. A ƙaro mana biyu.” Na ƙasa da jan biro kin fi ni sanin mai shi: “Kada a ƙara. A bar adadin daidai da na baya.” Ga sa hannu, ga kwanan wata.

Aro na ba ki, ba kyauta ba. Ki dawo mini da ita hannu da hannu, kada ki ba direba. Ban san abin da za ki yi da ita ba, kuma har yanzu ban gama sanin ko ke ɗin ta wa ce ba. Amma kin cije ni kina ƙarama ba ki yi kuka ba, na ce bari in gwada.

Madarar tana nan ban buɗe ba.

Sista

Daga Auta zuwa ga Yaya
Asabar, 22 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da wane suna ka kira ni.

Dogo ya zo ofishina sau biyu, gaskiya ne. Jerinsa ni na tantance, na cire masa maƙala biyar da ya buga a mujallun da ba sa tace komai. Ya rufe ƙofa ne don kada a ji yana roƙona. Bai san komai game da naka ba. Gaskiya ne kuma na rubuta wa Sista ban gaya maka ba, na kuma sakaya sunanta da gangan. Abin da sakatarenka ya kai mata ranar Laraba ya nuna ban yi kuskure ba.

Na ga takardar zagaye na uku, mai jan biro. Na san yadda kake lanƙwasa harafin farko na sunanka, a kan katin makarantata na fara ganinsa. Na karanta ta sau ɗaya, na hau mota na mayar wa mai ita da hannuna. Ban ɗauki hotonta ba, ban nuna wa kowa ba, ko maigidana.

A cikin wannan ambulan akwai jerinka, da hatimi da sa hannuna. Maƙala hamsin da takwas, ambato ɗari uku da saba'in da ɗaya. Na san bai kai ba. Kowacce a cikinsu na karanta ta, kuma zan tsaya a kanta a gaban kowa. Wadda ka yi a kan ƙyanda a makarantun kwana, ban taɓa karanta aiki mai tsabta irinta ba, mutum tara kacal suka ambace ta.

Ba zan ɓoye maka sauran hanyar ba, domin ko ban faɗa ba sakatarenka zai gano. Ranar ashirin da biyar zan fara hutu. Mataimakina yana da hatimi, kuma bai san abin da na sani ba, don haka idan ya sa hannu a kan sittin da biyu bai yi ƙarya ba. Ba zan yi masa magana ba, ba zan rubuta wa kwamiti ba. Kai za ka zaɓi wanda za ka miƙa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a sake kai wa Sista takarda.

Inna ta sa na auna ta jiya, wai za ta ɗinka kayan da za ta sa ranar da za a sanar. Na riƙe mata awon.

Allah ya yi maka jagora.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta
Laraba, 3 ga sabon wata

Auta,

Salam.

Naki na miƙa. Kwamiti ya ce in dawo bayan shekara uku. Dogo ya samu.

Na rubuta wa mujallun huɗu, da sunana ni kaɗai. Babu sunan Sista a ciki.

Kin ce ba ki ɗauki hoton takardar ba. Na so in yarda. Kwana uku jerin biyu, naki da mai sittin da biyu, suna kan teburina, kuma har yau ban san ko saboda yaran ƙetaren dogo na zaɓi naki ba, ko saboda ban yarda da ke ba. Kada ki tambaye ni.

Na gaya wa Inna an ɗage zaman. Ki bar ta a haka.

Ranar Asabar da safe zan je gaishe ta. Ke ki je da yamma.

Yayanki